Gurbin Gammo a Kan Hajiya

Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya, kuma sunan ya riga ya yi mata nauyi. Ku dai ku saurara, 'ya'yana, musamman ku 'yan mata.

A wani ƙauye kusa da Gangara aka haife ni, gidan manoman gero da gyaɗa. Na yi aure, na haifi huɗu, uku suka koma, Hasiya kaɗai ta tsaya mini. Da mijina ya rasu na riƙo hannunta muka shigo Tanut, na sami aikatau a gidan wani Alhaji mai awon gyaɗa. Aikina daka da ɗebo ruwa. Kullum in naɗa gammo, in ɗora tulu, in yi ta zarya tsakanin rijiya da randunan uwargidansa, Hajiya Mairo. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ba a jin muryata. Gaskiya suka faɗa. Ba su dai san inda haƙurin zai kai ni ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai na yi ta tari har na sayi atamfa sabuwa, aka yanka mini zane, aka fitar wa Hasiya nata a ciki. Tana shekara bakwai. Ranar ƙaramar salla muka ɗaura, muka shiga gaida Hajiya. Ɗakin cike yake da matan manya.

Ta dubi zanen, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wa ya ara miki?"

Na ce, "Nawa ne, Hajiya."

Ta ce, "Naki? To ɗago ƙafarki mu gani."

Ban gane nufinta ba, na ɗaga. Diddigena duk faso ne, ya tsage kamar bakin tafki da rani. Ta juya ga ƙawayenta ta ce, "Kun gani? Zane a kasuwa yake, ko wa ya je za a sayar masa. Ƙafa fa, a ina za ta sayo?" Suka kwashe da dariya, har wata tana share hawaye. Da suka lafa ta ce, "Tunda kin zo, randar baya babu ruwa."

Da sabon zanen na tafi rijiya. Hasiya tana bina a baya, tana cewa, "Inna, me suke wa dariya?" Daga ranar, duk inda yarinyar nan ta zauna sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Na rantse a raina sai Hajiya Mairo ta riƙe ƙafar nan tawa da hannunta, a gaban mata, ta yabe ta. Na kuma rantse ba mai sake tambayar 'yata wa ya ara mata.

Ban bar gidan ba. Na ƙara shekara biyu ina daka, ina kallo. Gidan ya zama mini makaranta. Na lura ashe ba kayan ne ke nuna mai arziki ba. Matalauciya in ta sami sabon abu, duka take zubawa a jiki rana ɗaya. Hajiya kuwa zane ɗaya za ta ɗaura, amma ya kwana wata uku a adaka yana shan turaren wuta, kafin ta iso ƙamshinta ya iso. Turkuɗinta yana barin shuni a wuya da goshi, kuma ba ta gogewa, don a san ba na aro ba ne, jiki ya saba da shi. Ba ta sauri ko gobara ake yi. In za ta zauna ba ta duba ƙasa, ta san an shimfiɗa. Ba ta tambayar farashi. In an kawo nama takan ci tsoka ɗaya ta ture akushin, ni kuwa ina daga bakin ƙofa yawuna na tsinkewa. Magana ƙasa-ƙasa take yi, sai mai sauraro ya sunkuyo. Wannan ba sai na koya ba, da shi aka haife ni. Babban abin da na gano shi ne, ba ta taɓa duban fuskar wanda ya miƙo mata ruwa. Na ajiye wannan a wuri na musamman.

Satata ta fari ɗan tsunkulen turaren wuta ne, na ƙulle a bakin zane. Ba wanda ya sani. Sai tsohon mayafi da aka manta a kan danga. Sai zobe. Duk wanda na ɗauka, sai in ce wa kaina ladar dariyar nan ce. Ranar da na ɗauke munduwar azurfa, na kai Hasiya Gangara wurin yayata, na ce zan je neman aiki Damagaram, ba zan daɗe ba. Ta riƙe mini zane tana kuka. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

A Damagaram na sayar da munduwar, na kama ɗaki, na shiga aikin jikina kamar mai gyaran gona. Na daina taɓa taɓarya har kantar tafin hannuna ta baje. Kullum in jiƙa ƙafa, in goge da dutse, in cika fason da man shanu, in ƙunsa lalle. Ina shan fura da nono har wuyana ya yi ninki. Wata tara kafin diddigen ya yi laushi. Na sayi turkuɗi ɗaya tak, da mundaye biyu da maƙerin fari ya wanke suna ɗaukar ido.

A kasuwar Belbeji na fara. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa kusa da matan makiyaya masu sayar da nono, na zauna ban ce wa kowa komai ba. Su da kansu suka matso suna taɓa mundayena. Na ce akwai maƙeri a Damagaram da ke mai da tsohuwar azurfa sabuwa, in suna so in kai musu, ba don komai ba, saboda Allah. Biyu suka ba ni. Kasuwa biyu a tsakani na dawo musu da kayansu suna walƙiya, na ƙi karɓar ko ƙwaryar nono. Zuwa na uku sai da na sa aka nemo mini buhu. Ba su sake ganina ba.

Haka na yi a wajen Tarka. Akwai wata tsohuwa da ta ciro 'yan kunne daga kunnenta, ta ce na mahaifiyarta ne, ta ce, "Hajiya, ki riƙe mini kamar idonki." Na ce, "Kwantar da hankalinki, Iya." Matar nan ba ta taɓa yi mini dariya ba. Ita ma ƙafarta faso ce. A lokacin ban tsaya na yi wannan tunanin ba, idona yana kan Tanut.

Bayan shekara uku na ji labari Hajiya Mairo za ta aurar da 'yarta. Na shiga gaban babbar mota, ba baya ba, na sauka Tanut a matsayin matar wani falke mai fataucin turkuɗi daga Kano. Kun san al'ada, baƙuwa mai daraja babban gida ake kai ta. Aka kai ni gidan da na share shekaru ina ɗebo wa ruwa. Hajiya ta taso da kanta ta tarbe ni. Ta dubi shunin wuyana, ta dubi mundayena, ta shaƙi ƙamshin mayafina, ta ce, "Maraba da Hajiya, gidanki ne." Ta dubi fuskata sosai, karon farko a rayuwarta, ba ta ga kowa ba sai Hajiya.

Kwana huɗu na yi. Ita ke zuba mini ruwan wanke hannu. Ina cin tsoka ɗaya in ture akushi. Rana ta uku ta kawo mini ƙullin kayan amarya, zinariya da azurfa da murjani, har da na gadonta, ta ce in taimaka in kai wa maƙerin nan da na ba ta labari ya sabunta su kafin biki. Sai da na ƙi sau biyu kafin na karɓa. Na sa a adakata, na kulle. Mota za ta tashi washegari da hantsi.

Da na shiga motar nan, da yau wani labarin ake yi. Amma ranar ce ranar ƙunshin mata, kuma ni ba don zinariya na zo ba. Na ce wa direba ya tafi, kaina na ciwo.

Mata suka cika tsakar gida, da yawansu waɗanda suka yi dariyar nan ne. Aka kwaɓa lalle. Na miƙe ƙafa a kan tabarma kamar ban damu ba. Hajiya Mairo ta ce ba mai ƙunsa wa baƙuwarta sai ita. Ta durƙusa. Ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta shafa diddigen, ta ce, "Ku zo ku ga ƙafar 'yar asali! Kamar ta jariri. Wannan ba ta taɓa taka ƙasa ba." Suka zo suna taɓawa, suna salati.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, ban kuma sake ji ba. Har yau in na tuna sai in yi istigfari, saboda daɗin bai gama fita daga bakina ba.

Ƙafafuna suna ɗaure cikin tsumma, ba halin tashi, sai Hajiya ta ce, "A kira Dije makitsiya ta gyara wa baƙuwa kai." Dije tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma ita ke yi mini kitso kyauta lokacin da nake gidan, mu zauna bayan murhu muna hira. Na ce kitsona sabo ne. Hajiya ta ce, "Haba Hajiya, ki yi biki a gidana da kitson wani gari? Me za a ce da ni?" Baƙuwa ba ta ƙin kitson mai masauki. Na kwance kallabi.

Na gyara hannu, na gyara ƙafa, na gyara tafiya da murya. Na manta da tsakiyar kaina, inda gammo da tulu suka zauna tun ina yarinya. Gashin wurin ya cinye, fatar ta yi tauri, ga wani ɗan tabo gefe inda tulu ya taɓa fashe mini. Ni ban taɓa ganin wurin ba. Dije ta sha taɓa shi.

Ta fara tsifa tana zolaya. "Hajiya, ashe a Kano ma matan attajirai suna zuwa rijiya?" Mata suka yi dariya. Sai yatsunta suka tsaya a kan tabon. Ta sake shafawa. Ta leƙo fuskata, ta rungume ni da ƙarfi tana kuka. "Uwar Hasiya! Ashe kina raye! Ashe Allah ya yi miki buɗi! Ina 'yar tawa?"

Ba tona ni ta yi niyya ba. Murna take yi. A duk gidan nan ita kaɗai ta taɓa sona, ita ce kuma ta gane ni.

Hajiya ta ce, "Wace ce uwar Hasiya?"

Dije ta ce, "Mai ɗebo miki ruwa mana, Hajiya."

Aka fasa adakata. Ban da kayan amarya, aka sami sauran na matan Belbeji da Tarka waɗanda ban sayar ba. Jandarmomi suka tafi da ni ƙafafuna na ɗaure da lalle.

A gaban alƙali na nemi izini na faɗi labarin ranar sallar nan, tun daga zane har randa. Ina so ta ji, ta san dalili. Alƙali ya tambaye ta ko haka aka yi. Ta yi tunani, tsakani da Allah take tunanin, sannan ta ce, "Wallahi ban tuna ba. Masu aiki da yawa sun ratsa gidana."

Shekara biyar ina kwana da maganar nan ina tashi da ita. Ita ko kwana ɗaya ba ta yi da ita ba. Hukuncin shekara uku da aka yanke mini bai ƙona ni kamar wannan amsar ba.

A kaso na Damagaram aka mai da ni daka da ɗebo ruwa. Wata biyu fason ya dawo, ya fi na da. An mayar wa wasu mata kayansu. Tsohuwar Tarka kuwa, na riga na sa an narkar da 'yan kunnen uwarta. Ita nake gani in na rufe ido, ba Hajiya ba.

Da aka sake ni na nufi Gangara. Na tarar da Hasiya ta zama budurwa, tana sussuka a ƙofar gida, da wani tsohon zane duk ya koɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Ta ci gaba da aikinta.

Yayata ce ta gaya mini sauran. Yarinyar ba ta yarda ta sa sabon abu, ko da salla. Sau ɗaya ta sa 'yan kunnen da ta saya da gyaɗar gayaunarta, 'yan mata a dandali suka tare ta suna tambaya, "Daga kunnen wa aka ciro?" Ta cire, ba ta sake sawa ba. Na so in hana a tambaye ta wa ya ara mata, sai na jawo mata tambayar da ta fi wannan muni.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Ban ce na yafe wa Hajiya Mairo ba, don in na faɗa na yi ƙarya, kuma na gaji da ƙarya. Abin da ta yi mini zalunci ne, za mu tsaya gaban Allah ni da ita. Amma za a kira tsohuwar Tarka ma, kuma a nan ni ce zan sunkuyar da kai.

Ku 'yan mata, za a wulaƙanta ku, ba shakka. Wata za ta dubi ƙafarku ta yi dariya. Ku yi kukanku, ku bar gidan in kuna iyawa, ku gaya wa Allah. Kada ku ƙulle ko tsunkulen turare a bakin zane kuna cewa ladarku ce. Daga nan na fara. Kuma in kun ga mace mai shuni a wuya, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ba ta tambayar farashi, ku riƙe 'yan kunnenku a kunnenku. Duk abin nan ana koyonsa, ni shaida ce.

Yanzu ina Gangara, ina noma gayaunata, da yamma in je ajin yaƙi da jahilci. Ni da Hasiya rijiya ɗaya muke zuwa, ita a gaba, ni a baya, kowa da gammonta. Jiya ta taya ni ɗora tulu ba tare da na roƙa ba. Har yau dai ba ta ce mini Inna ba.

Ina jira. Jira kam na iya.