Ranar da Ba a Miƙe wa Alhaji Ba

Manniru ya shigo Abuja ne da almakashi da 'yar kwalbar ruwan sabulu, yana yankan farce a bakin ofisoshin Area 1. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Bai yi boko ba, amma shekara uku yana riƙe da ƙafafun ma'aikatan gwamnati ta koya masa yadda ake gane babba tun daga takunsa, da daidai inda ake sa dariya in ya yi magana. A nan Alhaji Umar Farouk ya tsince shi. Sau biyu ya yanke masa farce bai fitar da jini ba, bai kuma roƙe shi komai ba, sai Alhaji ya ce wannan bawan Allah akwai amana, ya ɗauke shi gadi. Daga gadi aka ƙara masa girma zuwa falon baƙi.

Lokacin kuwa kuɗin mai na ambaliya, duk wanda ya mallaki babbar riga da jakar takardu ɗan kwangila ne. Alhaji tsohon darakta ne da ya yi ritaya. Ba ya ba da kwangila, amma ya san wanda ya san mai bayarwa, don haka tun da hantsi falonsa na Area 11 yake cika. Aikin Manniru shi ne ya zaunar da kowa, ya kawo ruwa, ya kunna talabijin, ya ce Alhaji na nan saukowa. Tun ƙarfe goma yake faɗar haka, Alhaji kuma sai bayan la'asar yake saukowa, in ya gama barcin rana.

Babban ladan aikin shi ne ɗaki a bayan gida, da fanka, da famfo a ƙofa. Kafin nan a Mararaba yake kwana, su shida a ɗaki ɗaya, rabin rayuwarsa a cikin cunkoson motoci. Da ya samu ɗakin nan ne ya ɗauko matarsa Barira daga ƙauye.

Rigima ta faro ne daga Kure, wani mai neman kwangilar share magudanan ruwa, wanda ya fi wasu kujerun falon daɗewa a gidan. Shi ya kawo faifan fim ɗin Indiya da aka juya da Hausa, ya ƙure murya. Alhaji ya farka ana tsakiyar waƙa. Ya sa aka kira Manniru sama.

"Manniru, nan tasha ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"In na sake jin talabijin ɗin nan a kunnena, ka tattara matarka da almakashinka. Hanyar Mararaba ba a rufe ta ba."

Manniru ya sauko ya kashe talabijin. Kwana uku falo ya rame. Ashe jiran Alhaji ba a iya shi da bakin bango kaɗai. Mutane suka koma jira a gidan wani babba a Asokoro, inda ake kallo har da lemo. Shi kuwa Alhaji yana da wata ɗabi'a, kafin ya sauko sai ya leƙa ta taga ya duba takalman da ke ƙofar falo, da su yake auna ko har yanzu ana yi da shi a garin. Ya leƙa ya ga ƙafa huɗu, ɗaya ma silifas ɗin mai wanki ne.

"Ina mutane?"

"Talabijin ɗin ne, ranka ya daɗe."

"To ka kunna."

"Ƙarar fa?"

"Ka kunna, kada in ji. Ni zan koya maka aikinka?"

Thaddeus, mai gyaran lantarkin gidan, shi ya kawo mafita. Hausarsa ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya. "Oga Manniru, wannan ƙaramin matsala ne," in ji shi. Washegari ya zo da wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba, ya jona shi a bayan talabijin, ya zazzage hedifon, abin saurare da ake ɗaurawa a kunne, guda goma sha biyu a kan kujera, kowane da batirinsa, babu waya. Akwatin ne ke ɗaukar muryar talabijin ya watsa ta a iska, wanda ya sa abin a kunne ya ji, wanda bai sa ba sai dai ya ga baki na motsi.

"Duk su ji a lokaci guda?" Manniru ya tambaya.

"Ko mutum ɗari ne. Akwatin bai san mutum nawa tana ji ba, ita dai magana yake yi."

Matsala ɗaya aka samu, hula. Babu ɗan kwangilar da zai tuɓe hula a gidan babba, maɗaurin abin kuma ba ya hawa kan zanna. Sai suka juya shi ƙarƙashin haɓa, falo ya koma kamar layin masu ciwon haƙori. Amma takalma sun dawo ƙofa, gida kuma tsit. Manniru ya riƙa yawo tsakanin kujeru yana canja batir, yana jin kansa kamar wanda ya ƙera abin.

Ranar Alhamis fim ya kai inda uwa ke gane ɗanta da ya ɓata shekara ashirin, daidai lokacin Alhaji ya fara saukowa. A al'ada, takunsa na farko a kan bene ke tayar da falo. Kowa ya miƙe, a hau ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, sai kai, shi kuma ya riƙa sauka a hankali don kada gaisuwar ta ƙare da wuri. Waɗannan minti biyun su ne albashinsa tun da ya bar ofis.

Ran nan ya sauko ya tarar da ƙeya goma sha biyu. Ya yi gyaran murya. Ya yi sallama, Manniru kaɗai ya amsa, yana ta yi wa mutane alama da hannu ba wanda ya kalle shi. Alhaji ya tako har tsakiyar falo ya tsaya gaban talabijin don a gan shi. Kure, ido jajir da hawaye, bai ko ɗaga kai ya ga fuskar mai rigar ba. Ya kaɗa hannu, da muryar wanda ba ya jin kansa ya ce, "Malam, ɗan gusa mana, ka tare."

Alhaji ya gusa. Ya gusa har sama.

"Shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati," ya ce wa Manniru, "ba a taɓa ce mini in gusa ba. Gobe in na sauko ina son falo cike, ina son shiru, ina son kowa a tsaye. In ɗaya ya kasa, ka san sauran."

Da Manniru ya gaya wa Barira, ba ta daina tankaɗe ba. "Ni dai, maigida, na riga na saba da famfo," ta ce.

Roƙon mutanen ba zai yi ba, Manniru ya sani. Wanda ke cikin fim ba ya tuna alkawari. Amma a yawon canja batir ya lura da abu ɗaya. Duk wanda nasa ya mutu, nan take yake fizge shi daga kunne ya juyo yana neman Manniru da faɗa. To in ɗaya na yin haka, me zai hana goma sha biyu?

Washegari ya ja kujerarsa ya ajiye kusa da soket ɗin ɗan akwatin. Ya san Alhaji kamar yunwar cikinsa: ruwan alwala zai bi bututu, ƙofa za ta yi ƙara, sannan turare ya riga mai shi saukowa. Da turaren ya iso hancinsa, sai ya zare filogi. Hannu goma sha biyu suka fizge hedifon, baki goma sha biyu suka buɗe za su zage shi. Ya turo leɓe ya nuna bene. Kafin Alhaji ya kai kwanar matattakala kowa na tsaye yana gyara hula, Kure a gaba, ranka ya daɗensa ya fi na kowa tsawo.

Alhaji ya tsaya a kwanar, ya kalle su ya daɗe. Bai taɓa samun mutane duka sun gama miƙewa tun kafin ya bayyana ba. Bayan an watse ya kira Manniru, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ga abin da na gani? Ba su ji takuna ba, kunnensu a toshe. Yaya aka yi suka san ina zuwa?"

"A jikinsu suke ji, ranka ya daɗe. Kwarjini ne."

Alhaji ya gyaɗa kai yana shafa gemu.

"Da ma mutanen gida sun dame ni in fito takara, ina ta ƙi," ya ce. "Gaya wa Thaddeus ya ƙaro guda ashirin. Ka kuma nemo ƙarin kujeru. Ɗakinka, in fankar na ba ka matsala, ka yi magana."