Taki ko Taƙi

Shekarar da gwamnati ta fara raba wa manoma takin zamani kyauta a ƙasar Rabah, ina makarantar midil a Sakkwato, na dawo gida hutu da farkon damina. Turawa na nan ba su tafi ba tukuna. Gonarmu ta tudu ta gaji, Fulani sun daina sauka cikinta da rani, kuma bara hatsinmu ya ƙare tun ba a yi shuka ba. Rabin buhu Baba ya samu. In ya tafi a banza, babu wani.

Malamin gona ya bar buhunan ƙofar mai gari da takarda guda da aka buga da tafireta, ya hau kekensa ya nufi Wurno. Magatakardan mai gari, dattijo ne mai murya, shi ya karanta wa jama'a: a zuba cikin marfin kwalba, "taki daya daga gindin shuka".

Kawuna, ƙanen Inna, ya ɗanɗana ƙwaya guda ya tofar. "Gishirin Bature na! Shi as sa sunka ce a yi nesa da shi, kar ya ƙone gero."

Kowa ya yarda: taki ɗaya na ƙafa.

Ni ba mai magana cikin mutane ba ne. Sai da aka watse na roƙi takardar, na tsuguna gindin bango na karanta ta sau uku. An rubuta "kasa", an rubuta "karami", an rubuta "daya". Babu harafi ko ɗaya mai lanƙwasa, don tafiretar ba ta da su, wanda ya buga kuma bai bi da alƙalami ya gyara ba. To in "kasa" ƙasa ce, me zai hana "taki" ya zama taƙi, wato daga babban yatsa zuwa manuni? Taki guda na ƙafa tsakiyar kwari zai kai mutum, inda ba komai sai ciyawa.

Kwana biyu ina juya maganar. Ranar da Baba ya ɗauki buhun, muna bakin gona tare da Kawu, na faɗa wa Baba ina kallon ƙasa.

"Mi kac ce?"

Na maimaita.

Kawu ya yi dariya har da dafa hauya. "Yaya, wanga ɗan boko naka na son kashe muna gero da ƙugiyar baƙi! Magatakarda bai iya karatu ba sai kai, ko?"

"Ya iya, Kawu. Injin ne bai iya ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in zana masa kalmomin biyu a ƙasa. Bai san boko ba, amma ya daɗe yana dubansu. Sannan ya durƙusa gaban shuka ta farko, ya buɗe yatsunsa ya auna, ya tona da tsinke.

"In ta ƙone, ni da kai za mu tahi cin rani," in ji shi.

Na koma makaranta ban san abin da ya biyo baya ba. Sai da kaka wani mai jaki daga garinmu ya same ni bakin kasuwa da saƙon Baba: geron bai ƙone ba, an cika rumbu, sauran dammunan suna zauren Kawu. Ya ce kuma in na zo hutu, mai gari na da takardu uku da yake son in duba.