Na Ce Mata Ɗanta Bai Rubuto Ba

Ni ɗan Konni ne, kuma a da ko allura ban taɓa ɗaukar wa mutum ba. Da na bar lakwal, wato makarantar boko, na samu aiki a wani siber, shagon intanet, kusa da tasha, lokacin intanet na sabon zuwa garinmu. Yawancin masu zuwa wurina mutanen ƙauye ne da 'ya'yansu suka tafi ci-rani. Ba su iya karatu ba, don haka ni ke buɗe musu akwatin imel, ni ke riƙe lambar sirri, ni ke karanta musu saƙo.

Da suka yi yawa, buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya gundure ni, ga layin ba ƙarfi. Sai na saka wata manhaja ta kyauta a ordinatar, wato kwamfuta, manhajar da ke tara akwatuna duka wuri guda. Dannawa ɗaya, wasiƙun gida goma sha huɗu su zubo gabana. Har yabon kaina nake yi.

Da leƙe na fara. Daga leƙe na koma ba da amsa da sunan masu akwati. Akwai wata tsohuwa daga Tajaye, Inna Hajo, ɗanta Isuhu yana Libiya. Na rubuta masa da bakinta cewa duk abin da zai aiko ya biyo ta hannuna. Ya yarda, ya yi ta aikowa, na yi ta ci.

Duk ranar kasuwa sai ta zo ta tsaya bakin ƙofa. "Ɗana, Isuhu ya yi magana?" In dubi wasiƙarsa a gabana in ce, "Babu, Inna." Ran nan ta ce, "Ni ba kuɗɗi nika so ba. In ji dai shina da rai." Duk da haka ban faɗa mata gaskiya ba.

Can sai ta daina zuwa. Ban tambayi dalili ba, sai ma na ji sauƙi. Akwatinta na nan cikin jerin, na ci gaba da rubutu. Ashe ta rasu.

Wata rana Isuhu, da ya dawo daga Libiya, ya shigo siber da jandarma biyu, riƙe da takarda, ya ce: "Wagga wasiƙa, bayan sadakar arba'in tata anka rubuta ta. Wa yar rubuta?" Suka buɗe manhajar, komai na jere, akwati-akwati.

Shekara uku na yi a gidan kaso. Yunwa da kwarkwata ba su dame ni kamar muryar tsohuwar nan ba. Da na fito na je Tajaye na durƙusa gaban Isuhu. Ya ce nasa ya yafe, na uwarsa kuwa ba shi da ikon yafewa.

Samari, in wanda bai iya karatu ba ya miƙa muku sirrinsa, ku karanta masa abin da ke rubuce, ko ku ce ba za ku iya ba. Ni na tuba, amma har yau ban san wurin wa zan kai wannan roƙon ba. Ta mutu tana zaton ɗanta ya manta da ita.