Yatsun Baba a Kan Tokar Dutse

Na daɗe ina binciken duwatsu masu aman wuta, amma a gidanmu ba wanda ya san takamaiman aikina. Ƙannena cewa suke yi Yaya tana yawon duniya kwasar toka. Ba su yi ƙarya ba. Mukan shiga kwale-kwale a tabkin da ke gindin dutse, mu kafa dogon bututu a ƙasan ruwa, mu zaro laka. A jikin lakar ake ganin layin toka, kowane layi aman wuta guda ne, wani tun kafin a haifi kakannin mutanen wurin. Da haka muke gaya wa mazauna gari sau nawa dutsensu ya tashi, da inda tokarsa ta kai.

Shekarar da Baba ya zo wurina a Parkchester, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, don aikin ido, zaman ɗaki ya ishe shi. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Katsina. Wata Asabar na ce ya raka ni wurin aiki, muka hau jirgin ƙasa.

A ɗakin ajiya na buɗe masa lakar da na kawo daga wani tsibiri. Idonsa bai gama washewa ba, sai ya ce ko zai iya taɓawa. Na miƙa masa ɓangaren da muka gama aunawa. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya murza, ya sunsuna.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "wannan ba ruwa ya kawo ta ba. Ƙasar ruwa laushi gare ta, wannan kuwa tana cizon hannu. Daga sama ta zubo." Ya sake shafawa. "Kuma sau biyu ta zubo. Ga 'yar laka a tsakani."

Makonni muka yi ni da abokin aikina, wani dattijon Bature, muna gardama a kan layin nan kafin na'ura ta nuna biyu ne. Baturen yana kusa, ya tambaye ni me tsohon ya ce. Da na fassara masa, ya cire tabarau ya dubi Baba, sannan ya jawo masa kujera, ya je ya ɗauko wasu bututu uku.

Ranar tafinta na zama, kaina kamar zai taɓa rufi. Da la'asar ta yi Baba ya wanke hannu, ya yi salla a tsakanin kantocin laka, ya sallame, ya ce a kawo na gaba.