Sunan da Bakina Ya Ƙi Kamawa

Duk shekara idan aka ba yara dogon hutu, sai zuciyata ta koma Madina, wani tsohon gida mai hawa biyu a unguwar Sih. Ni fa ba malama ba ce. Maigidana ne ke karatu a can, ni kuwa kullum ina ɗaki, ga zafi kamar bakin murhu, ga rasuwar mahaifiyata ko shekara ba a yi ba. Wata maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan, ta leƙo ta ce, "Ke, zaman nan zai kashe ki. Ɗauko mayafinki." Ta kai ni inda matan unguwa ke tara marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi lokacin hutu, a yi musu karatu da wasanni, a ba su abincin rana, duk don Allah.

Aka ba ni ajin ƙananan 'yan mata da takardar sunayensu. Jikokin Hausawa ne yawancinsu, amma ki yi musu Hausa su mayar miki da Larabci, "Abla, Abla," haka suke ce wa malama, har kaina ya riƙa sarawa. Ranar farko ina kiran suna, na zo kan na bakwai sai bakina ya ƙi. Sunan mahaifiyata ne. Mu a gidanmu ba a kama sunan uwa, ko da a jikin wata aka same shi. Na tsallake na wuce. Da na gama sai na ga wadda ta rage, wata siririya mai wushirya, na yi mata murmushi na sa alama.

Daga ranar na ɗora mata son duniya. Cinyar kaza tata ce, in kitsonta ya tsufa ni ke warwarewa in sake, ina ce mata "uwata". Ita dai sai ta bi ni da ido. A zatona kawaici ne, har ina yaba tarbiyyarta. Kaico, ni da wautata!

Bayan mako biyu ta daina zuwa. Kwana uku shiru, na kasa cin abinci, na sa maƙwabciyata gaba muka nemi gidansu, can bayan rumfunan Uhudu. Kakarta ce ke riƙonta, wata tsohuwa 'yar Cadi mai sayar wa baƙi gyaɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malama, in dai maganar takardu ce, mun haƙura. Kada dai a kai mu gaba."

Ashe uban yarinyar ya rasu bai gyara mata takardar zama ba. Ita kuma ta zo gida ta ce kowace safiya Abla tana kiran kowa ban da ita, an gano ba ta da izini, naman da ake ƙara mata ma na sallama ne.

Innalillahi! Na ce, "Iya, wallahi sunan mahaifiyata gare ta." Tsohuwa ta tafa hannu, ta yi dariya har da tari. "Wayyo, kunya ce! Rabona da ganin wannan tun ina ƙauyenmu." Ta juya wajen labule ta yi wa jikarta bayani da Larabci. Daga bayan labulen yarinya ta amsa, maƙwabciyata ta fassara mini: "Ta ce in da gaske tana cikin takardar, ki kira ta."

Washegari yarinyar ta zo, ta zauna dab da ƙofa, takalmanta a hannu. Na kira shida. Na dubi na bakwai, na dubi takalman nan, na yi wa mahaifiyata addu'a a zuci, na faɗe shi da ƙarfi yadda duk aji zai ji. Tun da aka haife ni ban taɓa ba. Ta ce, "Na'am!" ta ajiye takalman. Ni ban iya kaiwa ga na takwas ba, maƙwabciyata da ke ajin ce ta karɓi takardar ta ƙarasa.

Shekara na zagayowa muka dawo Zariya. Daga baya na sa aka bincika, aka ce sun tashi daga Uhudu, ba a san inda suka koma ba. Yanzu ta isa budurwa, wataƙila ma ta manta ni. Ni dai wata guda cur na yi ina kiran sunan nan kowace safiya ana amsa mini. Tun daga nan ban sake samun dalilin faɗarsa ba, kuma wallahi ina kewar a amsa.