Shafukan da Goggo ta ɓata

Goggona, ƙanwar babana, shekara talatin ta yi tana buga tafireta a majalisa. Har yau in tana sauraron rediyo za ka ga yatsunta na motsi a kan cinyarta. Mafaɗaciya ce ta gaske. Muna yara, da mun ji takunta kowa zai gyara zama.

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi a jami'a na zaɓi yin bincike kan muhawarar dokar korar baƙi, wadda aka yi tun ba a haife ni ba. Na je ɗakin adana takardu, na tarar ruwa ya cinye kundin rana ta uku, ranar da aka kaɗa ƙuri'a. Malamina ya ba ni mako guda: ko in kawo hujja, ko in sake batu in maimaita shekara.

Kuka kawai na je yi wurin Goggo. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Share majinar nan, ki jawo min akwatin da ke ƙarƙashin gado."

Shafuka goma sha tara ne a ciki, sun yi ja, na rana ta uku. Ashe ƙa'idar ofishinsu ita ce, duk shafin da kuskurensa ya wuce uku a zare shi a sake sabo. Ita da kan yi wata ba ta ɓata ko ɗaya ba, ran nan ta ɓata sha tara. Kunya ta sa ta cusa su a jaka maimakon kwandon shara, kada abokan aiki su gani.

"Goggo, me ya same ki ranar?"

"A kan mijina ake magana, 'yar nan."

Na san ta taɓa aure. Ban san mijin baƙo ne ba, tela, wanda aka sa a mota aka fitar daga ƙasar wata biyu bayan dokar. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru.

Malamina ya karanta shafukan a tsaye, ya ce in ci gaba. Ban san da bakin da zan gode wa matar nan ba, har yau ban sani ba. Na dai ce mata sunanta zan sa a farkon shafin godiya.

"Sa nasa," ta ce. "Kwana uku 'yan majalisa suka yi suna magana a kan baƙi, ba wanda ya kira sunan mutum ɗaya."