Inna Ige Mai Man Kanumfari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni babban likitan fata ne, wanda ya yi karatu a ƙasashen da ba sai na lissafa ba. Ina zaune a ofishina mai sanyi da hantsin Laraba aka shigo aka shaida mani cewa Allah Ya yi wa Inna Ige ta Ƙofar Marke rasuwa, bayan gajeruwar jinya.

Na je zaman makoki. Kowa ya zo sai ya ce mai haƙuri ce, mai zumunci ce. Duk gaskiya ne. Amma har aka shafa fatiha ban ji wanda ya ambaci aikinta ba, domin ciwon da ta fi yi wa magani ciwo ne da ba a faɗa a bainar jama'a. Matan da suka cika tsakar gidan suna kuka sun san abin da suke wa kuka, kunya ce ta rufe masu baki. Ina tsoron a binne aikin tare da mai shi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Marigayiya tana fitar da mai daga kanumfari da ganyen na'a-na'a. Takan zuba su a tukunya da ruwa, ta ajiye ƙaramin kwano a tsakiya, ta kife murfi ta zuba ruwan randa a bisansa, ta ɗora a wuta. Tururi ya tashi, ya huce, ya ɗiga cikin kwano, sai ta yaɗe ɗan man da ya taso. Wuni guda, abin da za ta samu bai cika murfin kwalba ba. Shi take sirkawa da man riɗi ta ba masu ƙyasbi, da matan da ƙaiƙayin mara da na ƙasan nono ya hana sukuni.

Ba ta taɓa ba da shi zalla ba. Takan ce, "Wanga mai wuta ne, ɗiyata. Ɗiga a bayan hannu tukuna, in ya yi zahi ki bar shi." In mai ciki ce, ko wadda ciwon ke warkewa yana dawowa, sai ta mayar da kwalbar cikin faifai ta ce, "Tahi asibiti a auna ki, a duba suga. Ba kowane ciwo ne nawa ba." Kuma ba ta tambayar mace sunan mijinta ko unguwarsu. Daga unguwar Minanata ake zuwa, daga Gidan Dahala ake zuwa, ta karɓi mace a ƙuryar ɗaki, ta rako ta zaure tana ɗaga murya: "Ki gaida mutan gida, na gode da ziyara!" don maƙwabta su ɗauka zumunci ne.

Tana da wani jika, shaƙiyyi, wanda take kira mijinta, shi kuma yana kiranta amarya. An ba ni labarin ranar da ya yafa mayafin ƙanwarsa har ƙasa, ya shigo yana rangwaɗa, ya maƙe murya ya yi sallama. Ta shimfiɗa masa tabarma.

"Mi ka damunki, baiwar Allah?"

"Inna, kunya nike ji."

"Ai dole ki ji kunya, da wagga ƙahwa kamar ta mai dakon gero. Irin ta mijina sak, har da kaushin."

Ta fizge mayafin tana dariya har da hawaye. Sai dariyar ta tsaya. Ta kama haɓarsa ta juya wuyansa wajen haske, ta ga farin dabbare-dabbaren da ya daɗe yana ɓoyewa da kwalar riga, abokansa na kiransa mai zanen damisa. Ta ce, "Kai da ka iya ba kowa dariya, ashe kai ma kana da abin ɓoyo." Tun daga ranar, kullum bayan la'asar takan zaunar da shi ta shafa masa man da yatsanta, tana yi masa gorin cewa ba za ta zauna da miji mai tabo ba. Bai taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Ranar sadakar uku, jikoki suka taru don wasan da aka saba yi in kaka ta rasu, aka miƙa wa jikan nan zanenta da carbinta aka ce ya kwaikwayi tafiyarta, tunda duk gidan babu wanda ya kai shi iyawa. Ya yafa zanen. Ƙamshin kanumfari ya buge shi. Ya durƙushe a tsakar gida, sai ɗaga shi aka yi.

Jama'a, ku yafe mani. Ba ni da ofis, ban taɓa wuce Gusau ba. Allo kaɗai na yi, bokon ma a waya na tsince shi. Ni ne Bello, mijin Inna Ige. Na ari rigar likita ne don na san in da sunana na fara, za ku ce wani wasan ne. Da tana nan, tun layin farko za ta ce ta ga ƙafata.

Allah Ka jiƙan Inna, Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa bayinKa, Ka sanyaya makwancinta. Ka ba mahaifiyata da ƙannenta haƙurin wannan rashi. Ni kuma ku sa ni a addu'a. La'asar ta yi, ga sauran man a kwalba, na kasa buɗewa.